KUKAN ƘARAMIN MAI KANTI A WAƘOƘIN KARKARAR AMURKA

Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi, ya ɗaga murya yadda dattawa za su ji.

Yau labarin wata ƙasa mai nisa zan ba ku, wato Amurka. Na san wani zai ce, ina ruwanmu da Amurka ana batun zaɓe, ga taki ya yi tsada, ga hanya ta lalace? Ku yi haƙuri ku saurara har ƙarshe. Abin da ya sami masu ƙananan kantuna a ƙauyukan can, da hannun gwamnati a ciki, kuma mutanen da aka zaɓa da ƙuri'a ne suke riƙe da gwamnatin. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

KIƊAN MUTANEN ƘAUYE

Da yawa cikinmu mun taɓa jin wani kiɗan Turawa mai sanyi a rediyo ko a motar haya, ga jita, ga murya a natse. Su Jim Reeves ke nan, da Don Williams, da Dolly Parton, da Kenny Rogers. Faya-fayensu da kasetocinsu sun yi yawo a Nijeriya tun zamanin iyayenmu. Sunan wannan kiɗa kantiri, ma'anarsa kiɗan mutanen karkara. Asalinsa kudancin Amurka ne, wajen manoma da masu haƙar kwal da leburorin jirgin ƙasa. Tun 1925 wani gidan rediyo a birnin Nashville na jihar Tenesi yake watsa shirin da aka sani da Grand Ole Opry, kuma har yau ba a daina ba. A 1927 aka ɗauki muryar Jimmie Rodgers da iyalin Carter a garin Bristol, daga nan kiɗan ya bazu. Har muna da ɗan rabo a ciki: banjo, ɗaya daga cikin kayan kiɗansu, bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka tafi da asalinsa, dangin molo ne da gurmi.

Wanda bai ji Turanci ba sai ya zaci duk soyayya suke rerawa. Akwai soyayyar, amma akwai kukan talaka mai yawa. Kun tuna marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, yadda ya bar sarakuna ya yi wa karen mota waƙa? To, su ma suna da irinsa. A 1973 Merle Haggard ya yi waƙa a kan ma'aikacin da aka sallama daga masana'anta ana tsakiyar sanyi, ba shi da abin yi wa 'yarsa sayayyar biki. A 1971 John Prine ya yi waƙa a kan wani ƙauye mai suna Paradise a jihar Kentucky, wanda harkar kwal ta shafe shi daga doron ƙasa.

Wadda ta fi shafar zancenmu ita ce ta Alan Jackson. An haife shi a 1958 a wani ƙaramin gari, Newnan, a jihar Jojiya, ubansa makaniki ne. A 1999 waƙarsa mai suna "Little Man", wato ƙaramin mutum, ta cika gidajen rediyo. Juyayi yake yi na masu ƙananan shaguna, waɗanda da guminsu aka gina gari, sannan manyan kamfanoni suka zo suka ture su gefe. Waƙar ta karɓu ƙwarai, don duk wanda ya tashi a ƙauye a can ya ga abin da idonsa: layin kantunan tsakiyar gari a garƙame, an buga katako a tagogi.

To, me ya kashe kantin? Mawaƙi ya faɗi ciwon. Mu bari mu bi sawun cutar.

ABUBUWA HUƊU DA SUKA HAƊU

Na farko, hanya. A 1956, zamanin Shugaba Eisenhower, majalisar Amurka ta yi dokar gina manyan tituna masu haɗa jihohi. Aiki ne mai amfani, ba mai musu. Sai dai titunan sun riƙa kewaye ƙananan garuruwa. Matafiyin da a da yake tsayawa ya sha mai, ya ci abinci, ya kwana, yanzu sai ya wuce ta bayan gari bai ma ga hasumiyar garin ba. Mutanen garin kuma suka sami hanyar tafiya sayayya nesa cikin sauƙi.

Na biyu, manomi ya ragu. A 1935 akwai gonaki miliyan 6.8 a Amurka. A ƙidayar 2022 ba su wuce miliyan 1.9 ba. Tarakta da injuna sun rage buƙatar hannu, wannan gaskiya ne. Amma akwai na gwamnati. A shekarun 1970 ministan gona na lokacin, Earl Butz, ya yi ta zuga manoma su faɗaɗa gonakinsu, ƙaramin manomi kuwa ya nemi wata sana'a. Mutane suka ci bashin banki suka sayi ƙasa da injuna. A 1980 Shugaba Carter ya hana sayar wa Tarayyar Sobiyat hatsi, kuɗin ruwan banki kuma ya haura kashi 20 cikin 100. Farashin hatsi ya faɗi, darajar gona ta faɗi, bashi yana nan daram. Bankuna suka riƙa yin gwanjon gonakin da aka gada tun kaka da kakanni. Jama'a, in manomi ya tashi, wa zai sayi ƙusa a wurin mai kanti? Wa zai kai ɗinki wajen tela? Wa zai zauna a kujerar mai aski? Kasuwar ƙauye a bayan manomi take goye.

Na uku, babban kanti. Akwai wani mutum, Sam Walton. Shi ma da ƙaramin kanti ya fara a 1945, a garin Newport na jihar Arkansas. A 1962 ya buɗe kantin Walmart na farko a garin Rogers. Dabararsa ita ce ya tafi ƙananan garuruwan da manyan 'yan kasuwa suka raina, ya gina ƙaton kanti a bakin gari inda fili yake da araha, ya zuba komai a ƙarƙashin rufi ɗaya: sutura, magani, kayan gini, tayar mota, daga baya har da abinci. A 2024 cinikin kamfanin na shekara ya haura dala biliyan 600, kantunansa a Amurka sun fi 4,500, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen ƙasar ba su fi mil 10 daga ɗayansu ba.

Wani malamin tattalin arziki a jami'ar jihar Iowa, Kenneth Stone, ya bi diddigin abin shekara da shekaru. A 1997 ya bayyana cewa wasu ƙananan garuruwa sun yi asarar har kashi 47 cikin 100 na cinikinsu a cikin shekara 10 bayan an buɗe irin wannan kanti a kusa da su. Ku lura, garin da aka gina kantin yakan sami baƙi masu sayayya. Ƙauyukan da ke kewaye da shi su ne suke bushewa.

Na huɗu, kuma shi ne nake so ku riƙe da kyau: doka. Ba Walmart ne ƙaton farko ba. Wajen 1930 wani kamfani mai suna A&P yana da kantuna fiye da 15,000, yana murƙushe masu sayar da kayan abinci. Masu ƙananan kantuna suka haɗa kai suka matsa wa wakilansu. A 1936 majalisa ta yi dokar da ake kira Robinson-Patman, da sunan 'yan majalisa biyu da suka kawo ta, ɗaya daga Arkansas, ɗaya daga Teksas. Abin da dokar ta ce a taƙaice shi ne: mai masana'anta ba shi da ikon sayar wa babban mai saye kaya da rahusa ya tsauwala wa ƙarami a kan kaya iri ɗaya, sai fa in bambancin ya fito ne daga ainihin kuɗin da aka rage wajen yi ko dako. An yi shekaru wajen 40 ana aiki da ita.

Daga ƙarshen shekarun 1970, musamman bayan hawan Shugaba Reagan a 1981, gwamnati ta yi watsi da ita. Ba a soke ta ba, jama'a. Tana nan a rubuce. Hukumomin da aka ɗora wa aikin ne suka daina kai ƙara, kuma gwamnatocin manyan jam'iyyun ƙasar guda biyu duk suka bar ta tana barci. Sai a Disamba 2024 hukumar kula da ciniki ta tarayya ta sake kai wani babban kamfanin dillanci kotu da ita, bayan fiye da shekara 20 ba ta yi ba.

Ga yadda abin yake aiki. Ƙaton kanti yana sayen sabulu tirela dubu. Sai ya ce wa mai masana'anta, ka rage mini ko in bar kayanka. Dole ya rage. Don ya cike giɓin, sai ya ƙara wa ƙaramin mai saye. Har ta kai wani lokaci kuɗin da ƙaramin mai kanti yake saro kaya ya fi kuɗin da ƙaton yake sayarwa ɗaiɗai. Ko da bai yi barci ba, ko da ya fi kowa gaskiya da fara'a, ba zai iya ja ba. Wannan shi ne kashin dankali, babba ya danne ƙarami.

ARAHAR FA?

Wani zai ce, Malam, ai talaka ne yake cin moriyar araha. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba. Uwar da take da 'ya'ya biyar, in ta sami takalmi da rabin kuɗi, ba wanda zai zarge ta. Kuma ba kowane tsohon mai kanti ne mutumin kirki ba. A kudancin Amurka an yi masu kantin da suke ɗaure manomi da bashi har amfanin gonarsa ya zama nasu tun bai nuna ba, an yi waɗanda suke wulakanta baƙar fata. Mawaƙan ma sun faɗa: waƙar "Sixteen Tons" da Merle Travis ya rubuta, wadda ta yi tashe a 1955 a bakin Tennessee Ernie Ford, a kan leburan kwal ce wanda bashin kantin kamfani ya shaƙe shi. Saboda haka kada mu ɗauka duk abin da ya wuce alheri ne.

Amma ku yi lissafin duka. Mai kantin gari, ribarsa a garin take kwana. Shi zai ba magini aiki, ya sayi ƙwai wajen maƙwabci, ya ɗauki yaron unguwa ya koya masa ciniki, ya ba manomi bashi zuwa kaka don ya san shi ya san ubansa. Ribar ƙaton kanti kuwa hedkwata take tafiya, wajen masu hannun jari da ba su taɓa jin sunan garin ba. Mutumin da a da yake da kantin kansa ya koma ɗan albashi, ana juya shi daga nesa.

Sannan wanda ya zo don riba, ranar da ribar ta ragu zai tafi. A Janairu 2016 Walmart ya sanar da rufe kantuna 154 a Amurka, 102 daga ciki ƙanana ne da ya gwada, akasari a ƙananan garuruwa. A wasu wuraren tsohon kantin abinci ya riga ya mutu saboda zuwansa. Da ya tafi, sai aka bar tsofaffi da marasa mota ba inda za su sayi kayan miya sai sun yi tafiyar mil da yawa. A cikin ƙasar da take ciyar da duniya ke nan! Wani kamfanin kuma, Dollar General, ya bi ƙauyukan da suka rage, kantunansa sun haura 20,000 a 2024. Hedkwatarsa tana gefen Nashville, birnin mawaƙan da suke kukan ƙaramin mai kanti.

WAƘA TA YI NATA, AMMA BA TA HANA BA

Ba za a ce mawaƙan sun tsaya a baki kawai ba. Ran 22 ga Satumba 1985, Willie Nelson da Neil Young da John Mellencamp suka shirya gagarumin wasa mai suna Farm Aid a garin Champaign na jihar Illinois. Mutum wajen 80,000 suka hallara, aka tara fiye da dala miliyan 7 don taimakon ƙananan manoma. Allah ya saka musu. Amma dala miliyan 7 a gaban bashin manoman ƙasa guda kamar a zuba cokalin gishiri ne a kogi.

Kuma ku ji abin mamaki. Kafin 2008 ba wanda ya kai Walmart sayar da faifan waƙa a Amurka. A 2005 Garth Brooks, wanda yake cikin mawaƙan kantiri mafiya kasuwa a tarihi, ya ƙulla yarjejeniya cewa a kantunan Walmart kaɗai za a riƙa sayar da faya-fayensa. Mai kantin faifai na gari kuma ya ci me? Gidajen rediyon ma ba su tsira ba. A 1996, zamanin Shugaba Clinton, aka yi dokar da ta cire iyakar yawan gidajen rediyo da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar. Cikin 'yan shekaru kamfani ɗaya, Clear Channel, ya haɗiye wajen 1,200. Ashe waƙar kukan ƙaramin mutum, a rediyon babban kamfani ake jin ta, a kantin babban kamfani ake sayen ta. Mutum ya saurara a mota, idonsa ya kawo ruwa, ya wuce kantin maƙwabcinsa ya tafi bakin gari sayayya.

'Yan siyasa kuwa sun iya rawa da kowane kiɗa. A Agusta 2023 wani tsohon ma'aikacin masana'anta daga jihar Virginia, Oliver Anthony, ya fitar da waƙa a kan wahalar talaka da masu mulki na Washinton, ta hau kan gaba a ƙasar nan take. Ba a yi wata guda ba aka sa ta a wajen muhawarar masu neman takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Republican. Mawaƙin ya fito ya ce ai da irin waɗanda suke tsaye a kan dandalin yake. Kun ga, ɗan takara zai iya yi maka amshi, ya share hawaye tare da kai, ya shiga ofis ya bar dokar da take kare ka tana barci.

INA MUKA SHIGO?

Ba zan ce muku halinmu ɗaya da na Amurka ba. Ƙaton kanti bai riga ya zo bakin ƙauyenmu ba. Amma mun san ɗanɗanon abin. Kalmar kanti kanta daga zamanin Turawa muka same ta, lokacin da kamfanoni irin su UAC da John Holt suke sayen gyaɗa da fata, su ne kuma masu sayar mana da atamfa da gishiri. A 1957 aka buɗe masaƙar farko ta zamani a Kaduna. Zuwa shekarun 2000 yawancin masaƙun Kakuri sun rufe, yadin waje mai araha ya cika Kantin Kwari. Ba ma'aikatan masaƙa kaɗai suka ji a jikinsu ba. Manomin auduga na Funtuwa da Gusau ya ji, mai sayar da abinci a ƙofar masaƙa ta ji, mai gidan haya ya ji.

Hannun Walmart ma ya taɓa isowa nan. A 2011 ya sayi fiye da rabin wani kamfanin Afirka ta Kudu mai kantunan Game, waɗanda suka yi reshe har a Kano, daga baya suka tattara suka bar Nijeriya. Shoprite ya buɗe a Kano a 2014, ya rufe a Janairu 2024. Mai shayi da mai tireda na bakin layi kuwa suna nan inda aka bar su, don ba su da wata ƙasar da za su koma.

Mu ma muna da dokar hana danniya a kasuwa da kare mai saye, an sa mata hannu a 2019, an kafa mata hukuma. Darasin Amurka shi ne, doka a takarda ba ta tsare kowa sai an sami masu tashin ta. Masu tashin ta kuwa, ko masu barin ta ta yi barci, mu ne muke aika su.

Saboda haka, duk ɗan takarar da ya zo dandalinku, na kowace jam'iyya, namu ko na wasu, bayan makaɗa sun yi shiru, a sami mutum ɗaya ya miƙe ya tambaye shi.

Rasit nawa mai tebur zai biya a ranar kasuwa ɗaya, kuma wa zai hana a karɓi haraji biyu a kan kaya ɗaya?

In za a ba babban kamfani fili da sassaucin haraji, me za a ba mai injin niƙa da mai walda da suke sayen mai kullum don babu wuta?

In za a yi sabon titi ko a tashi kasuwa, za a zauna da 'yan kasuwar kafin a yanke shawara, ko sai sun ga katafila?

In an gina sababbin rumfuna, wa zai samu: wanda ya shekara 20 yana kasa kaya a wurin, ko ɗan'uwan kansila?

Bashin noma da na sana'a da ake shela a rediyo, ta wace hanya zai kai hannun wanda ba shi da uba a birni?

Wanda ya amsa da hujja, ya faɗi abin da ya taɓa yi, ku riƙe sunansa. Wanda ya amsa da kirari, ya ce a ƙara kiɗa, kun san matsayinsa.

Mu kuma da namu aikin. Masu kantunan Amurka sun sami doka a 1936 ne don sun haɗa kai sun matsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan tireda su yi ƙungiya su riƙa saro kaya tare, don su ma su sami rahusar mai saye da yawa. Manoma su haɗa amfaninsu su sayar tare. In bambancin kuɗi kaɗan ne, saya wajen maƙwabcinka, don shi ne zai ba ka bashi ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi.

Magana ta ƙarshe. Za a zo muku da taliya da sabulu da turmin atamfa ana gobe zaɓe. Wannan ma araha ce, irin wadda ta rufe kantunan ƙauyukan Amurka: daɗi yau, biya na shekara huɗu. Su can sai da aka buga katako a tagogi sannan mawaƙi ya rera musu abin da suka rasa, ihu bayan hari. Mu kasuwanninmu suna ci har yanzu. Kowa ya nemo katinsa ya adana, ranar zaɓe a fita da wuri, maza da mata, a tsaya har a ƙirga.

Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai ci. Wanda ya karanta ya miƙa wa na gaba.